Jak mai taya: wanne zan saya mai sauƙin kuɗi da zan iya yarda da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema akan jak. Ni ba bakanike bane amma ina da sha'awar yin ƙananan gyare-gyaren motata da kaina idan na samu hutu, irin su juyen baƙin mai da duba birki da sauya tayoyi, to jak ɗin da ya zo da motar irin mai almakashin nan ne da ake murzawa kuma wallahi ya gajiyar dani, kafin taya ɗaya ta tashi na gama haɗa gumi, in ta tashin ma sai inga motar tana rawa a kansa hankalina baya kwanciya. Naga irin na makanikai mai tayoyi da dogon hannu da ake turawa ƙarƙashin mota, shi nake so in saya amma da na fara dubawa sai kaina ya ɗaure, wannan tan 2 wancan tan 3, wani na ƙarfe wani na alminiyam, tsakanin kuɗinsu kuma tazara ce babba. Motata Corolla ce, sai Hilux ɗin yayana da nake taya shi aikinta wani lokaci. Wanne zan ɗauka mai sauƙin kuɗi wanda ba zai bani kunya ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, na gode da addu'a. Kafin mu je ga wanne zaka ɗauka bari in fara taɓa lissafin kuɗin naka, domin tun daga nan mutane da yawa ke ɓata hanya. Kuɗin da ka ware ba na jak kaɗai bane, na jak ne da sitan guda biyu, ƙafafun ƙarfen nan masu faɗin gindi da ake tokare mota dasu bayan an ɗaga ta. In kuɗin ba zai kai ga duka ba to ka rage daga wajen jak ka cike na sitan, kada ka juya abin. Jak mai arha da sitan mai kyau zaka yi shekaru kana aiki dasu lafiya, amma jak mafi tsada a duniya in babu sitan ban yarda ka sa ko kafaɗarka ƙarƙashin mota ba.

Ga dalilina. Shi wannan jak ɗin da mai yake aiki, idan ka danna hannunsa wani ƙaramin fistin ne ke tsotso mai daga ma'ajiya ya tura shi cikin babbar silinda, man ya tura babban fistin, shi kuma ya ɗaga damtsen ƙarfen da ke ƙarƙashin motar. Ƙa'idar tsohuwa ce, Blaise Pascal mutumin Faransa ya bayyana ta tun ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai, shi yasa da hannu ɗaya kake ɗaga rabin mota, kuma tun 1851 Richard Dudgeon ya yi rajistar jak ɗin haidirolik, wato mai aiki da matsin mai, da mutum zai iya ɗauka a Amurka. Kaga kenan fasahar ba sabuwa bace, babu wani ɓoyayyen sirri a cikinta da sai kamfani mai tsada ya sani, don haka jak mai sauƙin kuɗi yana iya zama mai kyau ƙwarai. To amma ka duba abin da ke riƙe da motar bayan ta tashi, ɗan mitsitsin ƙwallon ƙarfe ne a cikin bawul da zoben roba da suke hana man komawa baya, iyakarsa kenan. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga ƙarƙashin ƙwallon nan, ko robar ta tsage, ko yaro ya zo wucewa ya murɗa hannun, mota ƙasa zata yi, kuma ba kullum take sauka a hankali ba. Mai tsada da mai arha duk a kan wannan robar suke.

Yanzu batun tan. Corolla yawanci nauyinta yana tsakanin kilo 1,100 da 1,400 gwargwadon shekarar da aka ƙera ta, Hilux mai ƙofa huɗu kuma tana wajen tan 2 wasu ma sun ɗara. Jak ba motar gaba ɗaya yake ɗagawa ba, gaba ko baya ko kusurwa ɗaya yake ɗauka sauran nauyin yana kan tayoyin da ke ƙasa, sai dai ka sani gaban mota mai inji a gaba ya fi bayanta nauyi, a irin Corolla kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin yana gaba. Abin da masu sana'a suka saba bi shi ne ƙarfin jak kada ya gaza kashi uku cikin huɗu na nauyin motar. Da wannan lissafin tan 2 ya ishi Corolla har da rara, Hilux ma a takarda zai ɗaga ta in ba kaya a bayanta, amma ni ban cika son jak da kullum yake aiki kusa da ƙarshen ƙarfinsa ba, robobinsa sun fi saurin gajiya hannun kuma ya fi tauri wajen dannawa. Sannan ka lura tan ɗin ma iri biyu ne, na Amurka kilo 907 ne, wanda sauran duniya ke amfani da shi kuma kilo 1,000, don haka jak da aka rubuta tan 3 da lissafin Amurka kilo 2,720 ne kusan. Ka nemi inda aka rubuta kilo a jikinsa, ita ce lambar da zaka kwatanta da nauyin da ke cikin littafin motar ko sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba.

Amma gaskiya abin da ya fi sa mutane dana-sani bayan sun saya tsayi ne, batun tan ba kasafai yake kawo matsala ba. Kowane jak yana da awo biyu, iya ƙasan da yake kwantawa da iya saman da yake kaiwa, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya. Ƙananan nan na tan 2 da ke zuwa cikin akwatin roba, waɗanda suka fi kowanne arha, yawanci suna farawa daga wajen santimita 13 su tsaya a 33 zuwa 38. Ga Corolla wannan zai ɗaga taya ɗaya ya isa a sa sitan a mataki na ƙasa, amma ka kai shi ƙarƙashin Hilux kaga abin takaici, shasin dama a sama yake, sannan idan ka fara ɗagawa jikin motar ne ke tashi tayar tana nan zaune a ƙasa sai sifirin da shokozoba sun gama miƙewa tukuna, kafin nan jak ɗin ya ƙure. Daga nan ne mutum ke fara ɗora guntun katako a kan jak don ya ƙara tsayi, wanda shi ne mafarin haɗari. Manyan na tan 3 suna kaiwa santimita 46 zuwa 50 wasu har sama da haka, akwai kuma masu kwantaccen baki da ke farawa daga santimita 8 ko 9 don motoci masu ƙasa-ƙasa, kuma suna da amfani ko ga mota ta yau da kullum ranar da taya ta sace motar ta zauna. Kafin ka fita saye ka ɗauki tef ɗin awo ka auna daga ƙasa zuwa inda ake sa jak a motocin biyu, ka rubuta a takarda ka tafi da ita.

Alminiyam kuwa kada ya ɗauke maka hankali. Amfaninsa ɗaya ne, rashin nauyi, an fi yinsa don masu tseren motoci da masu yawo da jak daga wuri zuwa wuri. Na ƙarfe mai tan 3 yakan kai kilo 30 zuwa 45, ɗaukarsa aiki ne, amma ai tayoyi gare shi janshi zaka yi ba ɗauka ba. In a gida ɗaya zai zauna na ƙarfe ya fi arha ya fi jure duka, a nan ne zaka rage kuɗi ba tare da ka rasa komai ba. Haka batun masu fistin biyu da ke tashi da dannawa kaɗan, abu ne mai daɗi musamman ga mai ɗaga motoci da yawa a rana, in bambancin kuɗin ba yawa ka ɗauka, in da yawa ka barshi, ƙarin dannawa biyar ko shida ranar hutu ba zai cutar da kai ba.

Inda bana son ka yi sassauci shi ne yadda jak ɗin yake sauke mota. Kusan kowane jak sabo yana ɗagawa, a wajen saukewa ake gane mai kyau. Ka roƙi mai sayarwa ya bari a gwada shi ƙarƙashin motarka, a ɗaga, sannan ka murɗa hannun a hankali kaɗan-kaɗan, mai kyau zai fara sauka sannu kuma in ka mayar da hannun ya tsaya cak inda yake, maras kyau kuwa zaka murɗa shiru, ka ƙara shiru, sai kawai ya saki motar gaba ɗaya tim. Irin wannan shi ke dukan sitan da ƙarfi har ya goce, ko ya lotsa ƙasan mota. Ka fi son wanda dogon hannun da kake dannawa shi ne kuma ake murɗawa a sauke, domin ƙananan sai ka zare hannun ka sunkuya ka soka shi a wani ɗan bawul kusa da motar kafin ka sauke, fuskarka tana daf da nauyin. Bayan haka a sake ɗagawa a barshi da nauyin na 'yan mintuna, ka auna da tef a farko ka auna a ƙarshe, in ya sauka ko kaɗan ka ajiye musu kayansu. Ka kama damtsen ka girgiza hagu da dama kaji ko yana wasa da yawa, ka duba waldar ta tafi sumul ko tana da ramuka da tsalle-tsalle, ka taɓa gindin silinda kaji ko da danshin mai, ka duba faɗin jak ɗin domin siriri yana saurin karkacewa, tayoyin su zama na ƙarfe kuma na baya su riƙa juyawa ba tare da cijewa ba. Faifan da ke taɓa motar ya zama mai faɗi, in da roba a kansa ya fi, in babu ana sayar da robar daban kuma bata da tsada.

Sai rubutun da ke jikinsa. Akwai ƙa'idojin ƙera jak da aka sani, na Amurka shi ne ASME PASE, na Turai kuma EN 1494 tare da alamar CE, kuma daga cikin abin da ake nema a jak na kirki akwai bawul ɗin kariya da ke hana shi ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa. Na sani sitika kowa na iya bugawa ya manna, don haka kada ka tsaya a kanta kaɗai, amma jak da ba sunan kamfani ba lambar samfuri ba ɗan littafin bayani, sai ƙaton "tan 3" da fenti mai sheƙi, wannan in ya lalace ko robar da zata shige shi ba zaka san wadda zaka nema ba. Ka tambaya ko ana samun robobinsa na canji, ka tambaya garanti, amsar da aka baka zata nuna maka ko mai kayan ya yarda da kayansa.

To in ni ne kai, tunda Hilux tana cikin lissafi, na ƙarfe mai tan 3 zan ɗauka, mai kwantaccen baki in ya samu, wanda ke kaiwa aƙalla santimita 46, ba sai na fitaccen kamfani mai tsada ba in dai ya ci gwajin da na faɗa, da sitan biyu masu tsayin da zai kai shasin Hilux ɗin. Tunda motar yayanka zata amfana ai ba laifi ku haɗa kuɗin. In da Corolla ce kaɗai da tan 2 mai faɗi ya wadatar. Mai almakashin kuma kada ka yar, ka mayar dashi but, aikinsa canza taya a hanya kuma nan ya dace dashi.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗana ne ya taso da son gyaran mota, ya tara kuɗi ya sayi jak mai taya, amma in zai shiga ƙarƙashi sai inga ya jera bulo na siminti ya sauke motar a kai, wani lokaci ma ba komai sai jak ɗin. Na yi magana yace bulo ai gini yake ɗauka balle mota. Ni dai gabana faɗuwa yake, shin da gaskiyarsa?

AMSA: Lafiya lau Mama, kuma faɗuwar gabanki tana da dalili, ki tsaya akan maganarki. Bulo yana ɗaukar gini ne saboda nauyin ya bazu a kan fuskarsa gaba ɗaya kuma siminti ya ɗaure shi da 'yan'uwansa, mota kuwa nauyinta a kan ɗan gefen ƙarfe ɗaya yake sauka, duk a wuri guda, ga bulon da rami a ciki. Ƙarfe in zai gaza yakan lanƙwasa mutum ya gani, katako yakan yi ƙara, shi bulo ba ya sanarwa, lokaci ɗaya yake rugujewa. Mutumin da mota ta sauko wa a ƙirji ko ƙashi bai karye ba numfashi ne ke gagararsa, in ba kowa kusa mintuna kaɗan sun isa. Ba don in tayar miki da hankali na faɗa ba, don ki samu abin da zaki gaya masa ne.

Ki sa ya sayi sitan, in da hali ma ki cika masa kuɗin. Ya karanta rubutun da kyau domin sau da yawa tan ɗin da aka rubuta na guda biyun ne a haɗe ba na ɗaya ba. Iri biyu aka fi gani, mai haƙora da wani harshe ke kamawa, da mai ramuka da ake zura sandar ƙarfe, akwai kuma mai haƙoran da aka ƙara wa sandar kulle, wannan na ƙarshen na fi so domin kariya biyu ce. Shi ma sitan ɗin a duba shi kada a ce tunda ƙarfe ne shikenan, a 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye sitan kimanin miliyan 1.7 masu tan 3 da tan 6 daga hannun jama'a saboda harshen da ke kama haƙoran yana iya zamewa idan nauyi ya motsa. Don haka ya duba haƙoran suna da zurfi, harshen yana shiga sosai ba a baki-baki yake kamawa ba.

Yadda zai yi aikin kuma, wuri ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri, ya ja birkin hannu ya sa motar a giya, in otomatik ce a P, ya sa weji, wato abin tokare taya, gaba da bayan tayoyin da zasu zauna a ƙasa. Birkin hannu a yawancin motoci tayoyin baya kawai yake kamawa, in ya ɗaga bayan to wejin ne kaɗai ke riƙe da motar, wannan mutane da yawa basu lura dashi ba. In zai cire taya ya sassauta notuna tun tana ƙasa. Ya ɗaga, ya sa sitan biyu a tsayi ɗaya, ya sauke motar a kansu a hankali har nauyin ya zauna, sannan ya kama motar ya girgiza ta da ƙarfinsa, in zata faɗi gara ta faɗi yana tsaye a gefe. Jak ɗin ya barshi yana ɗan taɓa motar a matsayin ƙari, tayar da ya cire kuma ya kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar. Kuma Mama ki sa masa sharaɗi ɗaya, kada ya shiga ƙarƙashi sai da wani a gida wanda zai ji kiransa.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Ni yaron gareji ne ina koyon aiki, jak ɗinmu ya fara wani hali, sai ka danna ka danna baya tashi sosai, in ya tashi kuma yana sauka da kansa a hankali. Wani yace in zuba masa man birki tunda shi ma na haidirolik ne, wani yace baƙin mai ma ya yi. Wanne zan zuba?

AMSA: Ƙanena kada ka zuba ko ɗaya, musamman man birki. Robobin jak an yi su ne don man haidirolik irin wanda ake samu daga fetur, man birki kuwa wani sinadari ne daban, yana kumbura irin waɗannan robobin ya lalata su, ga shi yana shan danshi ya kawo tsatsa cikin silinda. Ranar farko zaka ga kamar ya gyaru, bayan ɗan lokaci jak ɗin ya mutu gaba ɗaya. Baƙin mai kuma ya yi kauri da yawa. Ka nemi man da aka rubuta na jak ne, in babu to man haidirolik mai lamba ISO 32.

Matsalolin da ka faɗa biyu ne kuma ba lallai tushensu ɗaya ba. Rashin tashi sosai yawanci ƙarancin mai ne ko iska ta shiga, iska tana matsuwa mai kuwa baya matsuwa, shi yasa zaka ji hannun ya yi laushi kamar soso. Ka sauke jak ɗin har ƙasa a wuri daidai ba mota a kansa, ka goge saman silindar tas kafin ka buɗe komai don kada datti ya faɗa, ka cire murfin zuba mai, ɗan toshi ne na roba ko sukuru a saman silinda, ka ƙara mai har ya kusa bakin ramin amma kada ka cika shi taf yana buƙatar ɗan fili. Sai ka murɗa hannun ya buɗe kamar zaka sauke mota, ka danna da sauri sau goma zuwa sha biyar har ƙarshe, iskar zata fita, ka mayar da murfin ka rufe bawul ka gwada. Ka kula akwai wasu sukurori a kusa da ake rufewa da hula ko a rubuta kada a taɓa, ɗaya daga cikinsu na bawul ɗin kariya ne da aka saita tun daga kamfani, wasu na ɗaure shi wai don jak ya ƙara ƙarfi, abin da suka yi kawai sun cire abin da ke hana shi fashewa.

Sauka da kansa kuwa, in ka tabbatar ka rufe bawul sosai kuma ka fitar da iska amma bai daina ba, to mai ne ke zurarewa ta ciki, ko robar babban fistin ta cinye ko datti ya hana ƙwallon zama, kuma ba dole kaga ɗigon mai a ƙasa ba. Wannan sai an kwance an wanke an sa sabbin robobi. Ka gaya wa maigidanka yau ɗin nan, a ajiye shi gefe har a gyara kada wani ya ɗauka bai sani ba. In an gyara ku riƙa ajiye shi a sauke don kada sandar fistin ta zauna a waje ta yi tsatsa, ku sa giris a tayoyi da mahaɗai, man kuma a canza shi kamar sau ɗaya a shekara tunda kullum yana aiki.

TAMBAYA: Salam. Na sayi jak mai taya amma inda nake ajiye mota ƙasa ce ba siminti, rannan ina ɗagawa sai naji ƙara, na duba ya lanƙwasa min ƙarfen ƙasan ƙofa kuma ya kusa zamewa. Jak ɗin ne bashi da kyau?

AMSA: Wa alaikas salam. Ina ganin jak ɗin lafiyarsa ƙalau, wurin ne da kuma inda ka sa shi. Damtsen wannan jak ba miƙe yake tashi ba, kewayawa yake yi ta baya yayin da yake hawa, don haka dole jak ɗin ya riƙa gangarawa ciki ƙarƙashin motar da kansa, amfanin tayoyin kenan. In tayoyin sun nutse a ƙasa ko tsakuwa ta tare su sai ya koma jan motar, ko faifan ya goce daga inda ka sa shi. Kwalta ma in rana ta gasa ta tana nutsewa. Ka samu falanki mai kauri da faɗi wanda jak ɗin zai hau gaba ɗaya ya samu wurin gangarawa, sitan ma ka sa musu nasu a ƙasa. Ƙarfen ƙasan ƙofa kuma siririn haɗi ne, wuri biyu kawai aka ƙarfafa a kowane gefe kuma yawanci da 'yar alama, can zaka sa tare da roba mai tsaga da haɗin zai zauna ciki. Littafin motar yana nuna wuraren tsakiya na gaba da baya. Kada ka kuskura ka sa a kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, ko tankin mai, ko salansa, ko ƙasan lagireto, in motar mai lantarki ce kuma ka yi nesa da batirin da ke shimfiɗe a ƙasanta.

TAMBAYA: Malam na samu jak na hannu, tsoho amma na kamfani mai suna, kuɗinsa ɗaya da sabo maras suna. Wanne ya fi?

AMSA: Ɗan'uwa sau da yawa tsohon ya fi, domin tsofaffin nan ƙarfensu da kauri kuma an yi su ne don a kwance a gyara, roba da mai kawai suke nema su koma aiki. Amma ka duba abu uku. Ka ɗaga shi har ƙarshe ka leƙa sandar fistin, in ta yi tsatsa mai ramuka ko ta karce to duk sabuwar robar da aka sa zata yanke ta. Ka duba jikin ko ya karkace, tayoyi huɗun su taɓa ƙasa tare. Sannan ka nemi alamar sabuwar walda ko sabon fenti a wuri ɗaya akan damtsen ko gefunan, in ka gani an taɓa ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ya tsage, wannan ko kyauta aka baka kada ka karɓa. In ya tsallake ukun kuma ka tabbatar ana samun robobinsa, ka gwada shi ƙarƙashin mota da tef a hannunka kafin ka miƙa kuɗi.